Farin Karo a Ɗakin Iya

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Laraba, a farkon daminar shekarar da nake aji biyar a lakol, wato makarantar boko, na ji buta ta bugi ƙasa a ɗakin Iya. Na san lokacin don idona yana kan agogon bangon ɗakinmu, ina lissafin ko zan gama aikin gida a kayena, littafin rubutuna na lakol, kafin Mama ta kira ni surfe. An yi yayyafi da azahar, tsakar gidanmu na Matameye yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, awaki sun lafe a jikin rumbu. Iya, mahaifiyar Baba, ta gama alwala a bakin ƙofa, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka dokin ƙofa kamar yadda ta saba tun kafin a haife ni, sai ƙafar ta tafi ta bar ta. Na ruga na tarar da ita zaune dirshan, ta riƙe wuyan hannunta, ɗankwalinta ya zame. Ta dube ni ta ce, "Malama mai kaye, rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga. Zama na yi."

Sati uku kafin wannan rana Baba ya dawo daga cin rani a Kano da kwalaye masu nauyi a saman mota. Karo ne, abin da mutanen Kano ke kira tayil, fari fat mai ƙyalli kamar tangaran. Ɗakin Mama bai samu ba, nasa bai samu ba, na Iya kaɗai aka shimfiɗa wa. Da can daɓen ɗakin ƙasa ne, kullum da safe nakan share shi in watsa sabon rairayi daga kwano, sawun Iya ya fito a kai ɗaya bayan ɗaya. Da magini ya gama, mata suka yi ta shigowa kallo, har daga Tsauni wata gwaggonmu ta zo, suna shafa ƙasa da tafin hannu suna cewa, "Kin haifi ɗa, Iya. Allah ya yi masa albarka." Iya takan kawar da kai kamar ba da ita ake ba. Baba ɗan farinta ne, kuma a al'adar su Iya uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta yaba shi a gaban mutane. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Shi ma gaisuwa ce kawai tsakaninsu, daga bakin ƙofa, kansa a sunkuye.

Ranar da ta faɗi, mai ɗori ya ja hannun ya ɗaure, kowa ya ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Ni kuwa na ware shafi a bayan kayena na lissafi. Duk ranar da na ga Iya ta zame, ko ta dafe bango da sauri, sai in rubuta lokaci da wuri. Sa'o'ina suna carabke a ƙofar gida, suna gaɗa a dandali, ni ina gindin dalbejiya ina tsinke yakuwa, rabin hankalina yana kan ƙofar ɗakin. Kafin gero ya yi bununi shafin ya cika, kuma duk abu ɗaya yake faɗa: bayan alwala, da jiƙaƙƙiyar ƙafa, a taki na farko.

Na gwada abin da yarinya za ta iya. Na shimfiɗa tabarmar roba a bakin ƙofa, sai ta zama ita ce ke gudu da mutum. Na sa buhu, shi ma ya bi ta. Na yanko mata sanda a gonarmu ta hanyar Kance, na kankare ta tas, ta ce ita ba makauniya ba ce, ta ba Mama ta riƙa korar kaji. Wata safiya na ɗebo rairayi na watsa a kan karon kamar da. Mama ta share shi kafin hantsi, ta ja ni bayan rumbu ta ce a hankali, "Ubanki ya yi wa uwarsa abin fita kunya, ke za ki zuba masa ƙasa? Kada in ƙara gani." Na nuna mata shafin. Ta daɗe tana kallonsa, ko da yake ba ta karatun boko, ta ce, "Ni suruka ce. In na yi magana, me za a ce?"

Saura Baba. Na shirya jimla ɗaya, na yi ta maimaita ta a hanyar gona da ƙwaryar fura a kaina. Sai in iso, ya jingina hauya, ya share gumi ya ce, "Yaya Iya? Tana jin daɗin ɗakin?" Sai in ce, "Tana ji, Baba." Haka muka yi har aka kai gero rumbu, ya ɗaure jakarsa ya koma Kano. Kwana goma sha ɗaya bayan tafiyarsa Iya ta faɗi bayan alwalar azahar, ƙashin ƙugunta ya karye. An kai ta likita, an dawo da ita, amma ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Shekara uku ta yi a kan katifa, a kan karon nan, ina kawo mata ƙasa a faranti tana taimama.

Yau ina karatu a Damagaram, kuma in na je gida hutu sai in ga karo ya shiga kusan kowane lungu na Matameye. Duk gidan da na shiga mai tsoho, ƙasa nake fara kallo kafin fuskoki. Yanzu bakina yana buɗewa, da ƙyar: a bar wurin alwala da kaushi, a kafa ƙarfen dafawa a bakin ƙofa, a goge ruwa nan take. Wasu su ji, wasu su yi dariya. Ina kewar ɗakin da ake watsa wa rairayi, wanda tsohuwa ke shiga ba tare da kowa ya riƙe numfashi ba.

Sau ɗaya na tambayi Iya, a shekararta ta ƙarshe, ina shafa mata man kaɗe a ƙafa. Na ce, "Iya, kin san yana da santsi tun ranar farko. Me ya hana ki sa a gaya masa a cire?" Can ta ce, "Tun da na haifi wancan ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ce masa sannu da ƙoƙari ba. Sai maganar farko da zai ji daga gare ni ta zama 'cire'?"