Layi Biyu na Rahim

Rahim mai gyaran waya ne a kasuwar Race Course, rumfarsa na bayan tashar mota. Tare muka yi firamare a Asokore Mampong. Shi bai yi nisa ba ya kama sana'a, ni na wuce har jami'a, na fito bara ba aiki.

Don kada in zauna haka, na buɗe shafi a intanet ina rubuta sharhin wasannin bidiyo da Turanci, ɗaya duk mako. Ba ni da na'urar wasa, sai in je rumfarsa. Shi yana bugawa, ni ina gefe da biro ina yabon kyan hoto da tsarin labari. Sai ya yi ta dariya.

"Malam Digiri, bar wannan. Yana cin data? Yana sa ƙaramar waya zafi? In an kira la'asar ana iya tsayar da shi, ko kafin ka sallame an kashe ka?"

Nakan saka maganarsa a ƙarshen rubutu, layi biyu, don raha kawai. Sharhi hamsin da ɗaya na yi haka.

Watan jiya wani gidan rediyo ya nemi mai sharhin wasanni na ranar Asabar. Na ɗora raina a kai. Na buga rubutuna duka a takarda, na ari kwat, na je gaban Hajiya Kausara mai kula da shirin. Ta daɗe tana karantawa. Na lura layukan ƙarshe kaɗai take ja wa jan biro.

"Wane ne Rahim ɗin nan?"

"Mai gyaran waya ne, Hajiya. Ko sakandare bai gama ba."

Na ji abin da bakina ya faɗa, ban kuma janye ba.

"Ba ni lambarsa."

Na haddace lambar. Na yi tunanin sauya bakwai ta zama ɗaya, wa zai sani? Na rubuta ta daidai, har yau ban san ko na ji daɗin hakan ba.

Yanzu duk Asabar muryarsa ke fitowa daga rediyon Mma mahaifiyata, Hausa da yaren Twi a cakuɗe, ita tana dariya tana cewa yaron nan akwai baki. Ni sai in fita tsakar gida.

Jiya ya kira ni.

"Malam Digiri, sabon wasa ya zo. Taho da bironka mana."

Na ce ina zuwa. Ban je ba. Sharhi na hamsin da biyu yana nan a waya, na rasa abin da zan sa a ƙarshensa.