Huji a Jinkar Ɗakin Kaka

Kakata ta wajen uba tana da ciwon sukari tun ban iya ɗaura wando ba. Ina ce mata matata, tana ce mini mijin banza, don ban taɓa kawo cefane ba. Nakan ce in ta zagaya bayan gida, tururuwar Madarumfa kaf, har da ta Ɗan Issa, sai ta zo shan gara. Sai ta jefe ni da takalmi. Amma ciwon bai taɓa kwantar da ita ba. Kullum tana garka a bakin tabki tana ban ruwan albasa, hannu da ƙafa a rana, da yamma kuma ga kifin da Kakana masunci yake kawowa.

Shekarar da na gama lakwal ɗin firamare Kakana ya rasu, ta shiga takaba. Gwaggo, babbar ɗiyarta, ta zo daga garin Sarkin Yamma ta karɓi mulkin gidan. A danginmu mai takaba ba ta zaman tsakar gida, sai ƙuryar ɗaki, a lulluɓe. Ɗakin Kaka kuwa duhunsa ko jemage sai ya nemi fitila. Kifi ya tafi tare da mai kamun shi, aka koma fura da tuwo.

Ba a daɗe ba ta fara kukan ƙashi, baya da ƙugu da gwiwa. Sai ƙaya ta soke ta a diddige, ƙafar ta kumbura har na ce a ara wa Inna ita ta yi daka. Ba wanda ya yi dariya sai Kaka.

Baba ya ɗauko likitan dispansar. Ya duba mikin ya girgiza kai.

"Iya, sukarinki ya hau," in ji shi. "Kuma akwai abin da rana ke ƙera wa jiki a fata, bitamin D. In babu shi ƙashi ya yi laushi, kumburi ya yi wuyar sauka, balle ga mai sukari. Ga magani. Ku fito da ita hantsi kullum, ku ba ta kifi da ƙwai. In mikin nan ya yi baƙi, sai Maradi, kuma can yankewa ake yi."

Yana fita Gwaggo ta tafa hannu. "Rashin rana? A ƙasar nan? Wanda rana ta kayar mun sani. Kuma rana dafa miki take yi."

Baba ya ce, "Yaya, liman ya ce tsakar gida ba laifi."

"Ba liman za a zaga a bakin rijiya ba. Ni za a ce na bar uwata tana shanya kamar kuɓewa, mijinta ko kabarinsa bai bushe ba."

Baba ƙane ne, ya bar mata. Ni kuwa ba ƙanen kowa ba ne a wannan magana. Da Gwaggo ta tafi rijiya, na hau bayan ɗakin na yaye ciyawa ta gabas, huji kamar faifai. Haske ya faɗo kan tabarma.

"Wane la'ananne ne a sama? Gara ko ɓarawo?"

"Mijinki ne, matata. Yau dai na kawo cefane. Sabuwar rana fil, ba a taɓa amfani da ita ba."

"Shege," ta ce, tana janye zane daga ƙwaurinta. "Ƙara buɗawa kaɗan."

Kullum da hantsi takan ja jiki tana bin hasken nan, daga bakin gado zuwa gindin randa, har ya hau bango ya fi ƙarfinta. In Gwaggo ta shigo, sai Kaka ta ce ɓera ne ya yi ɓarna. Na rantse wa Kaka har kumburin ya ragu. Ƙarya nake yi, kuma ta sani. Faifan rana ba ya isar tsohuwa, ga sukari yana nasa aiki daga ciki.

Sai ruwan farko ya sauka ya jiƙe mata shimfiɗa sharkaf. Gwaggo ta sa aka toshe hujin, ni kuma kunnena ya sha murɗa har yau ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ranar fitar takaba aka yi waina, aka yi wa Kaka wanka. Mata suka kwance tsumman ƙafar. Yatsun sun yi baƙi kamar gawayi. Motar kasuwa ta kai ta Maradi, ta dawo ƙafar iyakar gwiwa.

Yanzu Gwaggo da kanta take shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida kowane hantsi. Garka kuwa ciyawa ta cinye ta. Jiya na zauna kusa da Kaka na ce takalmanta sun huta, ɗaya kawai za ta riƙa jifana da shi. Ba ta ce mini mijin banza ba. Ta kama hannuna ta ɗora kan idon sawun da ya rage, ta ce in danna. Na danna, kumburin ya lotsa, gurbin bai taso ba.