Ya-Shiga da Harafin A

Na fara saninsa a shekarar da ma'aikatarmu ta sayi sabon injin fere ƙarfe, zamanin da ake nannaɗe zane a adana shi kamar kayan gado. Ni ne mai zane. Shi kuma aka ɗauke shi ya riƙa fere ƙarfe yana huda shi bisa abin da na zana. Ranar farko na miƙa masa zanen murfin famfo. Da na dawo da rana, na tarar ya shimfiɗa shi a benci ya ɗora burodi da kifin gwangwani a kai. Mai ya cinye rabin lambobina.

A makarantar mishan an koya mana cewa layi alkawari ne. Babu hannun da ke fitar da ƙarfe cif-cif, shi ya sa mai zane yake rubuta iyakar kuskuren da ya yafe, wani lokaci bai kai kaurin gashi ba. Yakan kuma sa harafin A cikin ɗan akwati a gefe guda, ma'ana daga nan za a fara kowane awo. Mutumin nan kuwa daga inda hannunsa ya faɗa yake aunawa. Rami ya kauce, sai ya faɗaɗa shi da magagari. Sanda ta ƙi wucewa, sai guduma. In ka yi magana ya washe baki ya ce, "Ya shiga ko bai shiga ba?" Haka sunan ya bi shi, Ya-Shiga. Kamar wannan bai ishe ni ba, sai ya auri ƙanwata.

Da famfunan da ya haɗa suka fara yoyo a hannun masu su, manaja ya rantse sai ya kore shi. Ƙanwata ta zo ɗakina da goyo, ta zauna. Na je na roƙi manaja, na ɗauki alkawarin koya masa karanta zane. Rani guda na ba shi hutun ranata ina koya masa.

"Wannan da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya, me take nufi?"

"Idon kifi ne, Yaya Fensir."

"Tana nufin tsakiyarsu ɗaya ce! Ajiye min kamfas ɗina, ba tsinken sakace ba ne."

"Yaya, ƙarfe fa ba ya karatu. Duka yake ji."

Aikinsa ya tsira, halinsa bai motsa ba. Da ma'aikata ta rufe ya buɗe shago a bakin titi, ya yaye masu guduma irinsa. Yau duk layin nan, ka kai gyara, abin da za ka ji ke nan: ya shiga. Nakan bi ta bayan layi don kada kunnena ya ji.

Bara maiɗakina ta sami shanyewar ɓarin jiki. Keken guragu ne kawai ke fitar da ita ƙofar gida ta sha iska, maƙwabta su tsaya su gaishe ta. Sai sandar da tayoyin ke juyawa a kai ta lanƙwashe, kuma ba a samun irinta a kasuwa. Na zauna na zana ta, na sa harafin A a inda boris, zoben da taya ke juyawa a kansa, ke zama, na rubuta abin da na yafe. Na rantse ba zan kai wa Ya-Shiga ba. Na kai wani shago, maigidan ya ɗauki hoton zanen da waya ko kallonsa bai yi ba. Sandar da ya yi ta sa keken yana rangaji kamar mashayi. A bakin dandamali ya kusa kifar da ita.

Daga ranar ta ƙi sake hawa. Ta koma gado, fuska ga bango. Abinci ya ragu, magana ta ragu. In na ce ta daure, sai ta ce, "Bar ni, Malam. Faɗuwa ɗaya ta ishe ni."

Ya-Shiga ya zo dubiya da ƙanwata. Ya leƙa ɗaki ya ce wa maiɗakina, "Yaya, sannu da jiki," ya fito ya zauna ya sha shayina. A kan zanen ya ɗora kofin. Da zai tafi ya ninke takardar ya sa aljihu, wai zai ƙunshe kusoshi. 

Bayan kwanaki na dawo daga ɗakin magani, na tarar da keken a tsakar gida, ba inda na bar shi ba. Na tura shi. Ya miƙe sumul har bango, ko ƙis bai yi ba. Na kwance taya, na ɗauko tsohon ma'aunina. Ko'ina awo yana cikin iyaka. Babu tabon guduma, babu sawun magagari. A bakin sandar an buga ƙaramin A cikin ɗan akwati.

Ashe ya iya! Duk shekarun nan ya iya, da gangan yake ɓata ƙarfen mutane. Na mayar da tayar, na ɗauki sandata na bi ta gaban layi har shagonsa. Na same shi yana narka wa wani boris guduma.

"Kai, ashe ka san abin da idon kifi yake nufi?"

Bai ko ɗago ba. "Wane kifi kuma, Yaya Fensir? Ya shiga ko bai shiga ba?"

Na juyo gida. Tun daga kwanar layinmu na hango ta a ƙofar gida, cikin kekenta, ƙanwata na gyara mata ɗankwali, tana yi wa mai tallan lemo faɗan tsada.