Ranar da na datse haƙorana

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambayar ina Maman Hadiza mai faɗa ta shige, ga ni, da sauran kwana a gaba.

Ana saura wata ɗaya azumi, yawan ƙishirwa da fitsari suka kai ni asibiti. Likita ta ce ciwon suga ne. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce kada in ɗauki azumi sai na koma mun yi magana. Ban koma ba.

Ni ce fa wadda bara na tsaya a tsakar gida na wanke 'yata Hadiza tas, don ta sha azumi tana shayarwa. Na ce 'yan zamani ba su da tsoron Allah. Da wane ido zan sha nawa?

Sai na yi wa kaina dabara. Ƙwayar safe da ta yamma na riƙa haɗawa da sahur, in kora da koko. Sannan in wuni a bakin tukunya ina turara shinkafa, sana'armu ta matan Kura.

Ran sha ɗaya ga wata, bayan la'asar, gumi ya karyo mini, hannuna na rawa, ganina ya dushe. Hadiza ta jiƙa suga a ruwa ta kawo bakina.

"Mama, don girman Allah ki buɗe baki."

Na datse haƙora. Wai magariba ta kusa.

Ban farka ba sai a gadon asibiti, ana yi mini ƙarin ruwa. Kwana shida ana huda mini yatsa safe da yamma don auna suga. Shinkafar da na turara don kasuwar salla duk ta tafi a magani. Likita ta ce haɗa ƙwayoyin da yunwa ne suka sa sugana ya yi ƙasa sosai, da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai wani zancen.

Malamin unguwarmu ya zo dubiya, bai lallaɓa ni ba.

"Hajiya, Allah ya yi miki rangwame kin ƙi karɓa. To wa kike yi wa azumin?"

Na san amsar. Bakin mutane nake tsoro.

Sauran kwanakin, bisa fatawarsa, kullum sai in auni shinkafa in ciyar da mabuƙaci. Hadiza ce ke kawo mini abincin rana, ita tana azumi. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini maganar bara ba. Wannan shirun ya fi allura zafi.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan asibiti da ku masu addu'a.

Masu suga, ku ga likita kafin a ga wata. Kada ku sauya lokacin magani da kanku. In jiki ya fara rawa, ku sha azumin, ba saɓo ba ne.

Ni dai a tsakar gidan da na kunyata Hadiza, a nan na tara kowa na roƙe ta gafara.