Wutar Baba a Gida Huɗu

Duk wanda ya saba bin layinmu a Sabon Garin Minna ya san gidanmu ko da bai san mu ba. Gidan mai fanka a sama, haka 'yan okada ke kwatance da shi. Wani dogon ƙarfe ne Baba ya kafa a tsakar gida har ya zarce rufin kwano, a kansa fukafukai uku da ya yanka daga bututun ruwa na roba, suna juya injin wata tsohuwar na'urar wanki. A kan rufin kuma akwai farantan sola uku, su ma aikin hannunsa. Mutane sun yi masa dariya har suka gaji. Jiharmu ce ke da madatsun ruwan da ke ba wasu wuta, mu kuwa sai mu yi kwanaki ba mu ga ƙyallinta ba, amma ɗakin Inna kullum da haske, fankarta tana juyi.

Baba mai naɗa wayar fanka da injin niƙa ne, sana'ar da ya yi har kansa ya yi fari. Aikin layin dogo ne ya kawo kakansa Minna, kuma yakan ce tun daga lokacin hannun gidanmu bai rabu da baƙin mai ba. Da ƙarfi ya ja baya ya rufe shago, bai zauna ba, Inna ce sanadi. Tana da ciwon ƙirji, hayaƙin janareta yana tayar mata da shi. Zafin bazarar Minna kuwa, wanda ya sani ya sani. In ba fanka, a zaune take kwana tana haki. Solar kanti ta fi ƙarfin aljihunsa, sai ya ce zai haɗa tasa.

Ya riƙa sayen fasassun ƙwayoyin sola a wajen masu shago, waɗanda suka karye a hanya babu mai so. Sirara ne kamar ɓawon ƙwai. Sai ya baza su a tabarma cikin rana, ya gwada kowace da mitarsa, ya ware masu ƙarfi ɗaya wuri ɗaya, ya liƙe su da dalma, ya jera a kan katako, ya rufe da gilashin tsohuwar taga, ya bi gefe da gam. Ni a unguwar Sauka Kahuta nake aure, ɗinki nake yi, kusan kullum sai na leƙo gida. Da hannunsa ya fara rawa, ni ya kama.

"Ke mai zura zare a allura, zo ki riƙe min nan."

Na ƙona yatsuna, na fasa masa ƙwayoyi ba adadi. In ya yi tsaki in ce, "To Baba, ni dai ba ni na sa ka ba." Sai ya ce, "Wannan bakin naki da yana ba da wuta, ai da ban sha wahalar sola ba." Inna tana daga ɗaki tana cewa mu biyu dai Allah ya shirye mu.

Kayan nan ba irin na kanti ba ne da za ka ɗauki ɗaya ka je ka jona ya kama. Farantan ba ƙarfinsu ɗaya ba, sai an haɗa ukun suke iya cika batir. Fankar sama ba kullum take samun iska ba, amma in hadari ya rufe rana ita ke karɓar aiki. Wayoyinsu duka suna shiga wani akwatin katako a bangon ɗakin Baba, wanda ya haɗa cikinsa daidai da ƙarfinsu don kada batir ya ƙone. In ka cire ɗaya, sauran sun zama tarkace. Baba ya sani, ni ma na sani, kuma ban taɓa tunanin akwai ranar da za a bukaci gaya wa wani ba.

Baba ya rasu ana tsakiyar bazara, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau in na tsaya ba na iya ci gaba. Mu huɗu ya bari: Yaya da ke aiki a Kaduna, sai ni, sai ƙanena direba a Suleja, sai autarmu da ke aure a Bida, garin su Inna. Bayan addu'ar bakwai, kafin kowa ya kama hanya, Inna ta ce a kira malamin unguwa a raba gado. Haka ta taso ta gani a gidansu. Ba a barin kayan mamaci su daɗe ba a raba ba, nauyi ne a kansa, sai kowa ya karɓi haƙƙinsa yake samun hutu a makwancinsa. Babu wanda ya ja da ita.

Muka zauna a tsakar gida da hantsi, Inna tana bakin ƙofar ɗakinta cikin mayafin takaba. Maganar gida ba ta ɗauki lokaci ba, duk muka yarda ta zauna a ciki iya rayuwarta. Sutura da kayan aiki aka raba ba gardama. Da aka zo kan na sama, malam ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon fankar, ya ce wannan kam sai dai a yi masa ƙima mutum ɗaya ya ɗauka.

Na yi caraf na ce, "Allah gafarta malam, a sa shi cikin tumunin Inna, a bar shi inda yake. Ai don ita aka yi."

Yaya ya ce hakan ya yi daidai. Malam ya ce to, ya zama nata. Har na sauke ajiyar zuciya, sai na ji muryar Inna.

"Tunda nawa ne, a sauke."

"A sauke me, Inna?"

"Duka. Ni na sha wutar babanku, na gode masa. Ku ne ba ku sha ba. Kowa ya kai gidansa, jikokinsa su yi karatu da hasken kakansu."

Na ce, "Haba Inna! Wallahi ba haka abin yake ba. Wannan ba tuwo ba ne da za a kwashe kowa ya samu malmala. In aka raba shi, ya mutu ke nan."

Kalmar ta fita kafin in kama ta. Inna ta dube ni ta ce, "Mai shi ma ai ya mutu, 'yar nan."

Ban haƙura ba. Na kawo mata maganar ƙirjinta, na kawo zafin da ake ciki, na yi bayanin akwatin da farantan har bakina ya yi kumfa. Ta ce ita dai ta ga babanmu yana jona waya wuta ta kawo, 'ya'yansa ma za su jona. Na juya ga malam ina neman ceto, ya ce haƙƙinta ne, in ta bayar kyauta ta bayar. Na ja Yaya zaure na zazzage masa. Na ce shi ne babba, ya buɗe baki mana, ko namijin hotiho ne? Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da na samu wanda zan huce a kansa. Hawaye na ga yana bin gemunsa.

"Kwana bakwai da rasa mijinta," ya ce, "abu ɗaya ta roƙa. Ki ce in dubi idonta in ce a'a? Zan sa mata ta kanti, ki bar ni da wannan."

Ƙanena ne ya hau rufin da yamma. Na yi rantsuwa ba zan sa hannu ba, na zauna a kan turmi ina kallo. Da na ga zai fizgi wayar da ke ɗauke da wuta, dole na miƙe. Ni na nuna musu wadda za a fara cirewa. Ni na sa almakashi na yanke liƙin da na yi da hannuna a lokacin da Baba yake tsaye a kaina yana mita. Da waya ta ƙarshe ta fita daga akwatin, muka ji fankar ɗakin Inna ta fara rage gudu, tana ƙyaƙ, ƙyaƙ, har ta tsaya. Inna ta shafa fuska ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ya huta." Ni kuwa na shige banɗaki na yi kuka kamar ranar ce aka fita da gawarsa.

Da bakinta ta raba. Faranti biyu na Yaya, ɗaya da batura na ƙanena, akwatin da ƙwayayen fitila na auta. Ni ta ce in ɗauki fankar sama, tunda ni ce abokiyar faɗansa. Haka na shiga keke mai ƙafa uku da fukafukai sun leƙo waje, mai keken yana tambayata ko famfo zan ja a gida.

Ba a daɗe ba labari ya fara zuwa ta waya. Farantan Yaya a bayan mota suka yi tafiyar Kaduna, ramukan hanya suka farfasa ƙwayoyin ciki suka zama tsaki. Ƙanena ya jona nasa kai tsaye, farantin bai iya cika batir ba, baturan suka tsotse suka ƙi tashi. Auta ta kira mai gyara a Bida, ya buɗe akwatin ya ce bai taɓa ganin irin wannan haɗin ba, sai dai a nemo wanda ya yi shi. Tawa fankar tana jingine a bayan ƙofa, don gidan haya muke, mai gidan ya ce ba a kafa masa ƙarfe a tsakar gida. Na ce kowa ya maido nasa in gwada haɗawa, amma babu abin da ya rage da za a haɗa. Muka yi shawara mu huɗu, muka ce kada wanda ya gaya wa Inna.

Yaya ya cika alkawari, ya turo masu sa solar kanti. A zaure Inna ta sa aka sallame su. Ta ce maza baƙi ba za su hau mata rufi tana takaba ba, kuma ba a sa sabon abu a ɗakin mai takaba, a bari ta fita. Na saya mata ƙaramar fanka mai caji, kullum in kai shagon caji in ɗauko, ba ta kai la'asar take mutuwa. Na roƙe ta ta koma gidana, ta ce a ɗakin mijinta za ta gama. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na ƙi zuwa yini guda, washegari na dawo da sassafe. Kwanon rufin nan da rana kamar tanda, tana ciki tana jan numfashi da ƙyar, carbi a hannu.

Inna ba ta fita takaba ba. Ba zan ce zafi ne ya kashe ta ba, likita bai ce haka ba, kuma na san kwana ne ya ƙare. Amma ni na zauna da ita a ɗakin, na san abin da na gani, kuma zuciyata ba ta daina ciwo a kansa ba.

Ranar da za mu kai ta asibiti, muna jiran mota bayan azahar, ina yi mata fifita da mafici, gumi ya jiƙe mata mayafi. Magana ma sai ta huta a tsakani. Ta kama hannuna ta tsayar da fifitar.

"Wutar babanku ta Kaduna tana kawowa?"

"Tana kawowa, Inna."

"Ta Suleja fa? Da ta Bida?"

"Duk suna kawowa."

"Taki ba ki ba ni labari ba. Ko kina fushi da ni har yanzu?"

Na ce, "Tana juyawa, Inna. Yara har rigima suke a kan wanda zai zauna kusa da fitila."

Ta yi murmushi, irin wanda rabona da ganinsa tun Baba yana da rai. Ta lumshe ido tana haki, ta ce, "Kin gani? Da na biye miki, da ni kaɗai zan sha."