Likitan Kwamfuta da Murar da Ba Ta Zo Ba

A gida Likitan Kwamfuta suke ce masa, don ko kaza bai taɓa yi wa allura ba. Aikinsa a cibiyar bincike shi ne ya zana hanci da maƙogwaro da huhu a kwamfuta, ya saki ƙwayar mura guda a ƙofar hancin, ya zauna yana ƙirga 'ya'yanta: ɗaya ta zama dubu, dubu ta zama miliyan, suna gangarawa ƙirji. Lissafinsa ya nuna masa mutum kan yaɗa cutar tun kafin atishawar farko, kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya sha wannan karatu.

Ranar da mahaifiyarsa ta zo ganinsa, tsohuwa mai fama da asma, ranar abokin teburinsa a wurin aiki ya kwanta da mura. Likita ya buga lissafi, lissafi ya ce hancinsa a cike yake, ko da yake garau yake jin kansa. Sai ya shige ɗaki ya murza makulli.

"Inna, sannu da hanya," ya ce ta taga.

Ta dubi matarsa. "Me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau, Inna. Wai lafiyar ce abin tsoron."

"Kai, fito in gan ka."

"Huhunki nake ji, Inna. Miliyoyi ne a hancina."

"Hancin da na sha sharewa da bakin zanena? Ni ban taɓa tsintar miliyan a ciki ba."

Bai fito ba. Da ta gaji da hira da labule, ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta. Ya so ya kai ta a motarsa, amma lissafi ya ce zama da shi a rufaffiyar mota ya fi komai haɗari. Sai ya sa aka saka ta a motar haya: fasinja goma sha takwas, gilasai a rufe, na bayanta yana tari kamar zai amayar da haƙarƙari.

Murar da ta kwaso a motar sai da ta sa aka kwantar da ita a asibiti, aka sa mata iska. Ta tashi, amma ba ta sake tako gidansa ba. In ya kira ta a waya, cewa take a ba ta jikokinta.

Shi kuwa har yau bai yi atishawar ba. Ya ce lissafin daidai yake, jikinsa ne ya yi kuskure.