Kumfar da Yaya Ya Ƙi Sha

Ƴaƴan mutane in sun gama karatu a Yamai sukan dawo da takarda, wasu har da miji. Tawa ɗiyar da inji ta dawo. Na je tarbarta tashar mota na iske ta rungume da wani kwali, ta hana ƴan dako ko taɓa shi, jakar tufafinta kuwa tana yashe a ƙasa ba ta ma san inda take ba. Da muka isa gida ta buɗe, sai ga wani ƙarfe mai ƙyalli da hannaye da bututu, wanda ya sha aiki a hannun wani kafin ita. Ta ce injin kafe ne. Ashe lokacin da take karatu tana ɗan taɓa aiki a wani otel, can ta koyi sarrafa shi, kuma ta yanke shawarar buɗe wurin shan kafe a nan Damagaram.

Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce mata garin nan na shayi ne, kowace fada, wato majalisar hira, da butarta da gawayinta. Kafen da muka sani shi ne na mai tebur: ruwan zafi, madarar gwangwani mai kauri, sai garin kafe a bakin cokali don a canja wa ruwan launi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Baba, ai ba ka taɓa shan kafe ba." Ni da na yi shekaru ina koyarwa a lekol, makarantar boko, ina karyawa da kafe da burodi kowace safiya!

Inji dai ga shi, saura wuri. Gidanmu na gado a unguwar Birni yana da shago ɗaya mai kallon titi, kuma maganarsa tana hannun yayana. Shi ne babbanmu, manomi ne a Zermu, a shagon yake tara buhunan gyaɗarsa bayan kaka kafin ta yi daraja. Akwai kuma wani Alhaji ɗan Kano mai sayar da atamfa da ya daɗe yana zawarcin shagon, yana aika wa Yaya gaisuwa da goro. Na aika masa da maganar ɗiyata. Amsarsa gajera ce: in an gama girbi zai shigo gari ya ga abin da yarinyar za ta sayar. In ya ga sana'a ce, shago nata ne. In ya ga wasan yara ne, Alhaji ya kawo atamfarsa. Yaya kuwa ba ya magana biyu.

Daga ranar na zama zakaran gwajin dafi. Uwarta ta kurɓa sau ɗaya ta ce ita ba ta yi laifin da za a ba ta maɗaci ba, ta koma kan kununta. Saura ni.

Da esfireso aka fara, wai shi ne uwarsu duka. Inji ya yi gurnani, ya tsiyayo wani baƙin ruwa da bai kai rabin ƙaramin finjali ba. Na tsaya jiran a cika, ta ce ai ke nan. Na ce ko maganin tari an fi ba mutum haka. Amma da na haɗiye, sai na ji kamar an buɗe mini wata taga a ƙeya, ranar har lissafin da na manta tun ina ɗan makaranta ya dawo mini. Daga shi sai nuwazet. Da na ji sunan, wanda da Faransanci ɗan wani itace ne mai kama da gyaɗa, na ɗauka akwai wani abu dangin gyaɗa a ciki, na fara murna za mu samar wa Yaya kasuwa. Ashe esfireson ne dai aka ɗiga wa madara, launinsa kawai aka yi wa suna. Ban yafe wa nuwazet wannan yaudarar ba har yau.

Latte kuwa madara ce zalla aka nuna mata kafe daga nesa. Babban kofi, ɗumi, laushi, ba ya faɗa da kowa. Na ce mata wannan na masu jego ne da waɗanda suka tashi daga zazzaɓi. Moka ya fi shi wayo, don shi ana zuba masa shokola, wato cakulan, a ƙasa kafin kafe da madara su hau, sai ɗacin ya ɓuya a bayan zaƙi. Uwarta da ta rantse ba ta ƙara sha, a kan moka na kama ta wata rana a madafa, ta juya mini baya tana cewa wai tana duba ko kofin ya wanku.

Wanda ya ba ta wuya shi ne kafucino. Kafe kashi ɗaya, madara mai zafi kashi ɗaya, kumfa kashi ɗaya, kuma duk martabarsa tana cikin kumfar. Ba kumfar sabulu ake so ba mai manyan idanu, a'a, mai laushi ce mai santsi wadda za ta zauna a kan kofi ba ta faɗa ba. Madarar gari ta ƙi ba ta haɗin kai. Ta koma sayen ta shanu wurin wata Bafillatana da ke kawowa da sassafe, ita kuma sai tana da sanyi take tashi, ga wutar garinmu da zuwa da tafiya ba sallama. Sau nawa na hau moto neman ƙanƙara a unguwa saboda kumfa, ni da furfurata. Ta ƙona yatsu a bututun tururi, ta zubar da madarar da ta isa renon ɗan maraƙi, tana yi tana faɗa mini, "Baba, ka sha da kumfar, tare ake shan su. In mutum ya bar kumfa, bai ji daɗinta ba ke nan." Na ji wannan magana har ta zauna mini a kai. Ranar da kumfar ta tsaya yadda take so, tsalle ta yi a tsakar gida kamar ƙaramar yarinya, ni ma na ji daɗi ƙwarai.

Yaya ya iso wata Alhamis da hantsi. Bayan azahar aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka jawo waya, aka ɗora inji a kan tebur. Allah ya taimake mu akwai wuta. Ɗiyata ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambaye ta karatu da mutanen Yamai, sannan ya dubi injin ya ce, "To, ɗiyata, gani ya kori ji. Bismilla."

Ta miƙa masa esfireso. Ina jiran ya yi ƙorafin ƙanƙanta kamar yadda na yi, sai na ga ya ɗaga finjalin ya duba, ya kurɓa da ƙara, ya gyaɗa kai. "Na fari ke nan," in ji shi. "Ya yi ɗaci yadda ya kamata." Wato shi a wurinsa zaman shayi aka buɗe, na fari mai ɗaci, na biyu, sai na uku mai zaƙi. Na dubi ɗiyata na kashe mata ido, mun fara da sa'a.

Sai kafucino. Ban taɓa ganin ta yi kumfa irin ta ranar ba, fara tas, ta yi tozo a kan kofi. Ta kawo da hannu biyu. Yaya ya karɓa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya karkata kofin a hankali, ya sa leɓe a gefe, ya dinga zuƙo ruwan ta ƙarƙashi, kumfar tana sauka tana sauka har ta zauna a gindin kofi ba abin da ya taɓa ta. Ya miƙa mata abinta. Na ga fuskar yarinyar ta canja. Ta kai kofin bakin bokiti ta ɗauraye. Yaya ya bi hannunta da kallo, ya ɗan ɗaure fuska.

Moka ya zo na uku, shi ma da kumfarsa. Ya ce zaƙin ya yi, ya sake zuƙe ruwan ya mayar da kumfa. Ta sake wankewa. Yaya ya ciro carbi. Da aka kira la'asar ya miƙe ya ce, "Allah ya yi albarka," irin wadda ake yi wa yaron da ya kawo ruwan alwala. Ina sa takalmi na hango ta tana naɗe wayar injin, ta sunkuyar da kai don kar in ga idonta.

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk Birni an san ni da haka. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, amma ranar tun kafin mu kai kwanar masallaci zuciya ta ɗebe ni.

"Yaya, in ka riga ka yi wa Alhaji alkawari, ai sai ka faɗa. Ba sai ka wulaƙanta yarinya ba."

Ya tsaya cak. "Mushe, lafiyarka? Wa na wulaƙanta?" Mushe, wato malamin lekol da Faransanci, yake kirana tun ranar da na fara koyarwa, in yana so ya tuna mini ni ƙane ne.

"Ka mayar mata da kumfarta har sau biyu. Ka san wahalar da ta sha a kan kumfar nan?"

"To da me zan yi da ita? In lashe?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka girma a gaban butar shayi, wa ka taɓa gani ya shanye kumfar mai gida? Ai barinta ake yi a finjali a zuba wa na baya a kai. Sai mara tarbiyya yake mayar da finjali wayam."

Gaskiyarsa. Haka muke shan shayi tun muna samari: mai dafawa ya yi ta ɗaga buta yana tsiyayawa har kumfa ta cika finjali, kai kuma ka sha ruwan ka bar masa kumfarsa, ita za ta yi zagaye na biyu da na uku. Ni kaina haka nake yi kullum a fadarmu. Wa'azin kafucino ne ya rufe mini ido.

Yaya bai gama ba. "Ni abin da ya dame ni ma daban ne. Ban taɓa ganin kumfa mai kyan wannan ba, na lallaɓa ta na mayar mata lafiya lau, sai ta kai bokiti ta zubar. Na ce ko kuskure ne. Na sake mayarwa, ta sake zubarwa. Yarinyar da ke zubar da abin da ta sha wuya a kansa, yaya za ta riƙe shago? Ni har na fara tunanin Alhaji."

Nan a bakin titi na yi masa bayani, ina yi ina haɗa hannu da baki. Na ce wannan kumfar ta madara ce, abinci ce, kowane kofi da tasa, kuma a wurin masu wannan sana'a wanda ya bar ta ya ce bai so ba ke nan. Yaya ya riƙe haɓa. "Wato ni na zage ta, ita ta yi mini almubazzaranci, kuma duk cikinmu ba wanda ya yi." Sai ya fashe da dariya, har wani mai kabu-kabu ya rage gudu yana kallonmu. Muka yi salla a sahun baya.

Da muka dawo mun iske ta mayar da inji cikin kwali. Yaya ya zauna a tabarma ya ce, "Ɗiyata, fito da abin nan. Na biyun za ki sake mini."

"Baba, ai madarar ta kusa ƙarewa," ta ce masa, muryarta a dushe.

"Wadda ta rage ta isa tsoho ɗaya."

Ta haɗa, ba ta ko dube mu ba. Kumfar ba ta kai ta farko ba, amma ta tsaya. Yaya ya karɓa, ya leƙa ƙofar zaure ya tabbatar ba mai wucewa, ya ce mini, "Mushe, kar in ji wannan labari a Zermu." Ya kafa kai. Da ya ɗago, gashin bakinsa da gemunsa sun yi fari fat, ya sa yatsa ya kwashe sauran da ke gindin kofin ya kai baki. Ɗiyata ta toshe baki da mayafi, dariya da kuka suna kokawa a fuskarta. Ni kuwa na san abin da wannan lasar ta ci wa dattijo irinsa.

"Da daɗi," in ji shi. Ya juya kofin a hannu, ya leƙa cikinsa, ba ko ɗigo. "Sai dai ni tun da nake ban taɓa mayar wa mai gida finjali ba komai a ciki ba, kuma ba zan fara a kanki ba."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya laluba, ya ciro makullin shagon da ɗan igiyarsa na fata, ya saka a cikin kofin, ya miƙa mata da hannu biyu.